Zanzaro, Ƙudan da ke Ara Rigarsa, da Ƙwaron da ke Tsaron Hatsinmu

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi abin da kyamara ta kama a gindin wani famfo a cikin garin Maradi. Wannan baƙin ƙwaro mai ƙafafu rawaya da siririn ƙugu shi ne zanzaro. Ya kafa kai cikin taɓo yana murza shi da baki har ya zama ɗan dunƙule, sannan ya tashi da shi zuwa lungun ɗaki. Duk wanda kuka gani yana wannan jigila mace ce. Namijin ba ya gini, ba ya farauta, ko ƙarin harbi ma ba shi da shi.

Ga wani gidan da ya faɗo daga jikin azara ya fashe. Ku lura da abin da ke ciki: gizo-gizo ne cunkushe, wasu ƙafafunsu na ɗan motsi. Ba matattu ba ne. Uwar ta harbe su da dafin da ke kashe jiki ya bar rai, ta ajiye ƙwai guda, ta toshe ƙofa da laka. Da kashe su ta yi, da zafin ƙasarmu ya ruɓar da su kafin ƙwan ya ƙyanƙyashe. A haka kuwa ɗan tsutsarta zai tashi ya tarar da ɗanyen abinci har ya girma. Akwai danginta da ke gina ƴar tulun laka su cika ta da tsutsotsin ganye, irin waɗanda ke cin amfanin gona. Rina kuma a taro take zama, gidan takarda take yi da ɓawon itacen da ta tauna, kuma tana tsaron gidanta da gaske, shi ya sa ake tsoronta. Zanzaro ba ruwansa da mutum in ba matse shi aka yi ba.

Duk inda aka tara abinci aka rufe, ɓarawo na nan kusa. Wannan ɗan ƙwaro mai sheƙi, kore da shuɗi, shi ma dangin zanzaro ne, sai dai bai taɓa gina gida ba. Yakan yi ta shawagi a bango yana leƙen ginin wani, in ya samu dama ya saka ƙwansa ciki. Tsutsarsa ce za ta cinye ta mai gida, ko ta cinye guzurin da aka tara mata. In mai gida ta ritsa shi, sai ya dunƙule jikinsa, fatarsa mai tauri ta kare shi daga harbi.

Yanzu mu leƙa lambunan Jiratawa, kusa da Maradi. Ga wani ƙwaro a kan fure, cikinsa da zane baƙi da rawaya. Kallon farko za ka ce rina ce ko ƙudan zuma, ka janye hannu. Ƙuda ne zalla, ba ya harbi, ba ya cizo. Abin da ya sa ka janye hannu shi ke sa tsuntsu ya ƙyale shi, domin tsuntsun da ya taɓa shan harbi ba ya mance launin abin da ya harbe shi. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, wanda ya yi shekara 11 a dazuzzukan Amazon, shi ya bayyana wannan dabara a rubuce a 1862, bayan ya lura da ita a jikin malam-buɗe-littafi.

Gane shi ba wuya in an natsu. Ƙuda fiffike biyu gare shi, zanzaro da rina huɗu. Idanun ƙuda manya ne, sun kusa cinye kan gaba ɗaya, ƴan ƙahonnin kansa kuma gajeru ne. Sannan yana iya tsayawa cak a iska, wuri guda, kafin ya wulga gefe. Abin da ya sa nake son mai lambu ya san shi: tsutsar irin wannan ƙuda darɓa take ci, wadda ke manne wa wake da gyaɗa da kabeji. Wanda ya gan shi ya ɗauko famfon feshi, ma'aikacinsa ya kashe.

Akwai kuma wasu ƙudajen da suka ari siffar zanzaro har da siririn ƙugu, amma su mugunta ce a cikinsu. Macen takan yi kwanto a kan fure, in zanzaro ko ƙudan zuma ya zo sai ta cafke shi, ta cusa ƙwai a cikinsa, ta sake shi. Ya ci gaba da harkarsa, tsutsa na cin sa daga ciki har ya mutu.

To, wanda ya fi shafar tukunyarmu a jihar Maradi ya fi duk waɗannan ƙanƙanta, kuma yawancin mutane ba su taɓa lura da shi ba. Kafin mu gan shi, sai mun ga abokin gabarsa.

Kowane manomin hatsi daga Madarumfa zuwa Dakoro ya san murzuna, tsutsar da ke cin zangarniya. Ku dubi wannan zangarniya: layi ne ya nannaɗe ta daga ƙasa zuwa sama, babu ƙwaya a kansa, in ka girgiza sai ɓuntu ya zubo. Uwar murzuna malam-buɗe-littafi ce ta dare. Tana saka ƙwai daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Tsutsar ta fara da cin fure, in ta yi ƙarfi ta shiga ƙarƙashi tana datse ƴan sandunan da ke riƙe da ƙwaya. In ta ƙoshi ta sauko ƙasa, ta nutse cikin rairayi, ta kwanta duk tsawon rani sai wata damina. Masana sun rubuta cewa ɓarnarta ta yi ƙamari ne a Sahel bayan farin 1972 zuwa 1974, kuma a mummunar shekara tana iya cinye har kashi 85 cikin 100 na amfanin gona. Feshi bai cika yi mata komai ba, tunda a ɓoye take cikin zangarniya. Ko da yana yi, wane talaka ne zai iya sayen maganin da zai fesa wa gonar hatsi kadada biyar?

Ga ɗan ƙwaron da ke tsaron hatsin namu nan a kan ɗan yatsa, bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Sunansa na kimiyya Habrobracon hebetor. Dangin zanzaro ne, kuma aikinsu iri ɗaya ne, sai dai shi ba ya gini kuma ba ya harbin mutum. Macen tana bin ramin murzuna, ta harbe ta, jikinta ya mutu nan take ta daina ci. Sai ta zuba ƙwai a jikinta. Ƴaƴan su tsotse tsutsar har ta bushe ta yi baƙi, cikin kwana goma ko kusa da haka sababbi su tashi su nemi wata. Ɗan ƙasa ne, ba daga waje aka kawo shi ba. Matsalarsa rani: murzuna na ƙarƙashin ƙasa, abinci ya yanke, yawansa ya ragu ƙwarai. Kafin ya sake yawaita da kansa, ɓarna ta riga ta auku.

Nan ne masu bincike suka shigo. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ke da reshe a Tarna, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke Sadore kusa da Yamai, sun daɗe a kan wannan aiki. Farfesa Ibrahim Baoua na cikin waɗanda suka fi yin fice a kansa. Tun 2006 aka fara wani shiri mai suna GIMEM a Nijar da Mali da Burkina Faso, da tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka, domin kai dabarar ƙauyuka.

Dabarar kuwa abin burgewa ce saboda sauƙinta. Ana kiwon ƙwaron da rani a kan wata tsutsa da ke cin hatsin ajiya. In lokaci ya yi, a samu ƴar jaka ta algarara, a zuba tsabar hatsi da ɗan gari, a sa tsutsa 25 da matan ƙwaron guda biyu da suka riga suka yi barbara, a ɗaure baki. A rataye ta a bishiya ko a jikin rumbu, inda ruwan sama ba zai jiƙa ta ba. Bayan kamar mako guda ƴaƴan su fara fitowa ta ƙofofin saƙar buhun, su bazu cikin gonaki. Jaka 15 ake sa wa gari guda, kuma ƙwaron ba ya tambayar gonar wa ce. Ta mai kuɗi da ta marar shi duk yana shiga. Binciken da aka yi a gonakin manoma ya nuna ƙarin amfani da ya kai kashi 34 cikin 100 inda aka sake shi.

Abin da ke damuna shi ne har yanzu akwai garuruwan da jakar ba ta isa gare su a kan lokaci. Sai an riƙa maimaita sakin, kuma lokacinsa ƙanƙane ne: daga fitar kai zuwa sa'ad da tsutsa ke ƙarama. In aka makara har ta sauka ƙasa, an yi asarar jakar. Kuma tunda amfanin na kowa ne, sai kowa ya zuba ido wani ya biya. Shi ya sa ya fi kyau ƙungiyar manoma ko mai gari su haɗa kuɗin tun kafin shuka, su sanar da malamin gona na yankinsu da wuri, domin masu kiwon su san yawan jakar da za su tanada. In an rataye, a ja kunnen yara kada su kwance ta, kuma a dakatar da feshi a gonakin da ke kewaye, har da waken da aka shuka a tsakanin hatsi, domin maganin da bai kai ga murzuna ba yana kashe wannan ƙwaro nan take.

Bayan mako biyu ko uku, ku shiga gona ku buɗa ramin murzuna da tsinke. In kun tarar da tsutsa busasshiya baƙa, da ƴan fararen kwasfa a gefenta, aiki ya kama. Ku bar wannan zangarniya a tsaye, domin cikin kwasfan nan ne masu bin sauran gonar za su fito.