Yadda Ƙuri'a Ke Tantance Sabon Magani

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi. A kasuwa ko a tashar mota, kowa ya taɓa jin mai talla na cewa, "Wane ya sha, ya warke." To, amma ciwo da yawa yakan tafi da kansa. Yaya za a gane maganin ne ya yi aiki, ba lokacin samun sauƙi ne ya zo ba?

Masu bincike sukan tara masu ciwo iri ɗaya, su yi musu bayani filla-filla. Wanda ya yarda ya sa hannu, kuma yana da damar janyewa duk ranar da ya so. Sai a raba su gida biyu: waɗannan a ba su sabon magani, waɗancan a ba su wanda aka saba da shi, ko ƙwayar da ba ta ɗauke da magani.

A wajen rabon nan gizo ke saƙa. Ba likita ke zaɓa ba, ƙuri'a ake jefawa, yanzu ma kwamfuta ke yi. Likita ɗan Adam ne, yana iya tura masu ƙarfin jiki ɓangaren sabon magani ba tare da ya ankara ba, su warke, a yaba wa magani a banza. Ƙuri'a kuwa ba ta san tsoho da yaro ba, ba ta san mai hali da talaka ba. Gidajen biyu sai su zo kusan daidai, har a abubuwan da babu wanda ya yi tunanin aunawa. Sau da yawa ma akan ɓoye wa likita da majinyaci wa ya samu wanne.

Gwajin da ya yi suna a wannan tsari shi ne na 1948 a Birtaniya, inda aka gwada maganin streptomycin kan tarin fuka. Nan kusa da mu kuma, a Agogo da Kintampo, an gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro RTS,S daga 2009 zuwa 2014, cikin binciken da ya haɗa yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai. A yaran da aka fara wa suna wata 5 zuwa 17 kuma suka samu allura huɗu, ta rage kamuwa da kusan kashi huɗu cikin goma. Ba duka ba, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nanata wa iyaye mata kada a ajiye gidan sauro. Ghana ta fara yi wa yara ita a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar faɗaɗa ta a 2021.