Amsoshin Tambayoyinku: Masu Hawa Dutsen Trikuta Domin Ziyarar Vaishno Devi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, kuma da yake dukkansu a kan abu guda suke, mun ga ya dace mu haɗa su a zama ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga wani malami a Maraɗi. Ya ce ya sha ganin wani abu a finafinan Indiya da ya ɗaure masa kai: ayarin mutane, maza da mata da yara, sun ɗaura jan ƙyalle a goshi, suna hawa wani dogon dutse cikin dare suna ɗaga murya. Yana tambaya ko da gaske akwai wurin ko kuwa shirin fim ne kawai, kuma wa suke zuwa gani a can sama.

To Malam, wurin yana nan, kuma abin da ka gani a fim bai kai rabin yadda yake a zahiri ba. Indiya na da ɗakunan bauta da yawa da mabiya addinin Hindu suka gina wa abar bautarsu mace a kan duwatsu, amma wanda ya fi shahara, wanda kuma bayaninka ya fi dacewa da shi, shi ne na Vaishno Devi da ke kan tsaunukan Trikuta a yankin Jammu da Kashmir, can arewacin ƙasar. A gindin dutsen akwai wani gari mai suna Katra, kimanin kilomita 50 daga birnin Jammu, kuma daga nan ake fara tattakin da ya kai kilomita 12 zuwa 13 kafin a isa wurin ibadar, wanda ke da tsayin kusan mita 1,585 daga doron teku. Kalaman da ka ji suna maimaitawa su ne “Jai Mata Di”, kirari ne da suke yi wa wadda suke kira Uwa, kuma da shi mai saukowa yake gaishe da mai hawa.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, bayan wannan doguwar wahala, babu wani sassaƙaƙƙen gunki a cikin ainihin wurin. Kogo ne, a cikinsa kuma akwai wasu curin dutse guda uku da suka fito daga jikin dutsen, waɗanda ake kira pindi. Bisa aƙidar mabiya addinin, su ne siffofi uku na allahiyar: Kali, Lakshmi da Saraswati. Mai ziyara yakan yi awa biyar ko shida yana hawa, ya ƙara wasu awoyi a layi, amma tsayuwarsa a gaban waɗannan duwatsu ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, domin ma'aikata na tsaye suna tura jama'a gaba. Tsohuwar ƙofar kogon ma matsattsiya ce, sai an sunkuya an ratsa ruwan sanyi da ke gudu a ƙasa, shi ya sa ba a buɗe ta sai lokacin hunturu da mutane suka ragu. Sauran watanni ta wasu hanyoyi da aka fafe a jikin dutsen ake shiga a fita.

Wannan ya kai mu ga wasiƙa ta biyu, wadda wata Hajiya ta aiko daga zangon Kumasi. Ita tambayarta ita ce, me ya sa sai a ƙololuwar dutse za a kai wurin ibada alhali ga fili, kuma yaya tsofaffi da marasa lafiya suke yi.

Hajiya, amsar tana cikin labarin da su masu wurin suke bayarwa. Suna cewa a zamanin da akwai wani matalaucin limaminsu mai suna Shridhar a wani ƙauye kusa da Katra, wanda wata yarinya, wadda suka yi imani ita ce Vaishno Devi, ta bayyana gare shi ta umarce shi ya shirya wa mutanen yankin walima. A cikin baƙin akwai wani hatsabibi mai suna Bhairon Nath, wanda ya nemi a kawo masa nama da giya, da aka hana shi kuma ya bi yarinyar, ita kuwa ta gudu ta hau dutse. A inda ƙishirwa ta kama ta, in ji labarin, ta harba kibiya ruwa ya ɓuɓɓugo, nan ne Banganga, rafin da maziyarta ke fara tsallakawa. A inda ta tsaya ta waiwaya sawunta ya fito a kan dutse, nan ne Charan Paduka. A tsakiyar hanya, a Ardhkuwari, ta ɓuya wata tara a cikin wani ƙaramin kogo, wanda har yau mutane ke bin layi su kutsa ta cikinsa da jan ciki. Daga ƙarshe a bakin babban kogon ta juyo ta fille wa Bhairon Nath kai, kan ya faɗa a wani tsauni da ke sama, ya nemi gafara, ita kuma ta yafe masa tare da cewa ziyarar kowa ba ta cika ba sai ya je wurinsa. Don haka ne bayan an fito daga kogon ake ƙara hawa kusan kilomita biyu zuwa ɗakin bautar Bhairon.

Idan kika dubi wannan da kyau, Hajiya, za ki ga cewa kowane zango a kan hanyar wani sashe ne na labarin, kuma mai hawa yana bin sawun gudun ne daga farko har ƙarshe. A ganinmu wannan ne ya sa ba za a iya sauko da wurin zuwa fili ba, domin a wajen masu wannan aƙida hawan da kansa ibada ne. Akwai masu yin tafiyar babu takalmi domin cika alwashin da suka ɗauka sa'ad da suke neman haihuwa ko lafiya ko aiki. Akwai ma waɗanda ke kwanciya rub da ciki, su tashi daga inda hannunsu ya kai su sake kwanciya, a haka har su isa, ko da zai ɗauke su kwanaki. Kuma sukan ce babu mai zuwa sai wanda Uwar ta kira, ta yadda idan tafiya ta wargaje wa mutum sai a ce kiransa ne bai zo ba.

Game da tsofaffi kuwa, an yi musu tanadi iri-iri, ko da yake kowanne da kuɗinsa. Akwai ƙananan dawakai da alfadarai na haya, akwai kujerar da ƙarti huɗu ke ɗauka a kafaɗa, akwai 'yan dako da ke goya yara da kaya a baya. Daga Ardhkuwari akwai ƙananan motoci masu aiki da batir, mai hali kuma yana iya hawa jirgi mai saukar ungulu daga Katra zuwa Sanjichhat, wani zango da ke can saman dutsen, cikin 'yan mintoci, ya ƙarasa sauran da ƙafa. A ƙarshen shekarar 2018 an buɗe keken igiya mai tafiya a sama daga babban wurin zuwa na Bhairon, abin da ya sauƙaƙa mafi tsananin ɓangaren hawan. Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin masu dawakai da 'yan dakon nan Musulmi ne, akasarinsu 'yan ƙabilar Gujjar ta yankin, waɗanda abincinsu ya dogara da wannan hanya.

Saboda haka duk wani sauƙi da aka kawo wa mai ziyara yana taɓa aljihun wani. A ƙarshen shekarar 2024, da hukumar wurin ta tashi gina wani sabon keken igiya da zai ɗauki mutane daga Tarakote a gindin dutsen zuwa Sanjichhat, 'yan kasuwa da masu dawakai da 'yan dako sun rufe garin Katra na kwanaki suna zanga-zanga, suna cewa idan maziyarta suka riƙa wucewa ta sama babu wanda zai tsaya a shagunansu. Wasu kuma sun ƙara da cewa wanda ya tsallake Banganga da Charan Paduka ai ya bar rabin ziyarar a baya. Hukumar ta ce tsofaffi da masu naƙasa take dubawa. Kowane ɓangare da hujjarsa, sai dai ba a raina kukan mutumin da dokinsa ne gonarsa.

Ita wannan hukuma an kafa ta ne a shekarar 1986, zamanin da Jagmohan yake gwamnan jihar, inda aka karɓe ragamar wurin daga hannun iyalan da suka gaji kula da shi da kuma wata tsohuwar gidauniya. A lokacin maziyarta ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a shekara ba. Bayan an shimfiɗe hanya, an yi mata rumfa a wurare da dama, an sa fitilu da famfunan ruwa da makewayi da ɗakunan shan magani, adadin ya yi ta hauhawa har ya haura miliyan 10 a shekarar 2011. Da kuɗin sadakar da ake zubawa hukumar ta gina jami'a da babban asibiti a kusa da Katra.

Ba Vaishno Devi kaɗai ke da ɗakin bauta a kan dutse ba, ko da yake ba za mu tsaya a kan sauran ba. A kudancin Indiya akwai Chamundeshwari a kan dutsen da ke kallon birnin Mysore, mai matakala kusan dubu da wani sarki ya sa aka sassaƙa a ƙarni na 17. A gabas kuma akwai Kamakhya a kan dutsen Nilachal a Guwahati ta jihar Assam, inda ake rufe ɗakin na kwana uku a watan Yuni kowace shekara kafin a buɗe shi da gagarumin biki.

Wasiƙa ta uku daga wani matashi ce a Kano, wanda ya ce zai raka mahaifinsa jinya Delhi, kuma yana so ya san ko wanda ba Hindu ba yana iya zuwa ya gane wa idonsa, da abin da ya kamata ya kiyaye.

Da farko muna yi wa Baba fatan samun lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Hukuncin shiga wurin bautar wani addini tambaya ce da ya kamata ka kai wa malamanka, mu abin da za mu gaya maka shi ne yadda tsarin wurin yake. Akwai ɗakunan bautar Hindu da ke hana wanda ba mabiyi ba shiga, misali na Jagannath da ke Puri, amma hanyar Vaishno Devi a buɗe take ga kowa muddin ya yi rajista. Tun watan Yulin 2014 jirgin ƙasa ke isa Katra, kuma daga shekarar 2019 akwai mai sauri da ake kira Vande Bharat, wanda ke ɗaukar kimanin awa takwas daga Delhi. Rajistar kyauta ce, za ka nuna fasfo a ba ka wani kati mai na'ura da za ka rataya a wuya, kuma babu mai wuce shingen Banganga ba tare da shi ba. Za a caje ka a wurare da dama, domin yankin na da matsalar tsaro. Ka kuma sani cewa layin waya na sa kati da aka saya a wata jihar Indiya ba ya aiki a Jammu da Kashmir, sai wanda ake biya a ƙarshen wata, saboda haka ka shirya yadda za ka riƙa jin halin da Baba yake ciki kafin ka bar Delhi.

A Katra da kan hanyar ba a sayar da nama ko giya, yawancin gidajen abinci ma ba sa sa albasa da tafarnuwa a girki. Wanda zai shiga kogon sai ya ajiye takalmi da waya da kyamara da duk wani abu na fata, har da bel da jakar kuɗi, a akwatunan ajiya da aka tanada. Maziyarta kan riƙo jan gyale mai geza da kwakwa da busassun 'ya'yan itace a matsayin abin miƙawa, amma ba a tilasta wa kowa saye. Ka riƙe rigar sanyi ko da a bazara ne, domin da dare iskar saman dutsen na ratsa ƙashi, a hunturu ma ƙanƙara na sauka. Kada ka riƙe abinci a leda a fili, birai na nan a gefen hanya kuma sun saba fizge.

Maganar da ta fi muhimmanci ita ce ta lokaci. Sau biyu a shekara ake bikin darare tara da ake kira Navratri, ɗaya a tsakanin Maris da Afrilu, ɗaya a tsakanin Satumba da Oktoba, kuma a waɗannan ranaku da ranar sabuwar shekara cunkoson ba na wasa ba ne. A daren 1 ga Janairun 2022 turmutsitsi ya kashe mutum 12 a kusa da babban wurin, kuma bayan wannan ne aka shigo da katin da muka ambata domin a san yawan mutanen da ke kan dutsen a kowane lokaci. Damina ma da nata haɗarin: a watan Agustan 2025 zaftarewar ƙasa a kusa da Ardhkuwari ta hallaka fiye da mutum 30, aka dakatar da ziyarar na makonni. Shawararmu ita ce, idan za ka je, ka zaɓi tsakiyar mako a wajen lokutan biki da na ruwan sama, ka fara hawa da yamma ko da asuba, kuma ka ware kwana biyu cikakku, domin saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Idan kuwa kallon wurin kawai kake so, kana iya tsayawa a Katra, inda da dare ake hango fitilun hanyar sun yi jere har saman dutsen, ka koma Delhi a jirgin washegari.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.