Masu kashe gobara na sa-kai: wa ke biyan sa'o'in jira?

A Yamai, idan gobara ta tashi aka kira lamba 18, waɗanda ke fitowa da jar mota sojoji ne, domin a Nijar aikin kashe gobara yana hannun rundunar 'yan kwana-kwana ta soja. Suna da albashi, suna da bariki, kuma tsarin ritaya yana jiransu. A ƙasashe da dama kuwa, akasarin masu wannan aiki suna da wata sana'ar da suke ci da ita: wani makanike ne, wani malamin makaranta, wani manomi, sai an buga kira su bar abin da ke hannunsu su sheƙa. A Faransa, kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan kwana-kwana irin waɗannan ne, a Jamus kuma yawansu ya kai kimanin miliyan ɗaya.

Abin da ya fi jawo taƙaddama a kansu shi ne zaman jira. A Ingila, ana buƙatar mutum ya zauna ko ya yi sana'arsa a wurin da zai iya isa tashar kashe gobara cikin kamar minti biyar. Wanda ke kan jira ba zai je biki a wani gari ba, ba zai yi nisa da iyalinsa ba, ko barcinsa ma da kunne ɗaya a buɗe yake yin sa, alhali watakila a yi mako ba a kira shi ba. Shin wannan zaman aiki ne ko hutu? Wani ɗan kwana-kwana na garin Nivelles a Beljiyam, Rudy Matzak, wanda aka wajabta wa isa tasha cikin minti takwas, ya kai ƙara a kan haka, kuma a watan Fabrairun 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa jiran da ya ɗaure mutum har haka lokacin aiki ne, ko da a gidansa yake zaune. Hukuncin ya tayar da hankalin hukumomi, musamman a Faransa, domin in aka ce a lissafa kowace sa'ar jira, tsarin da aka gina a kan arha zai yi tsada ƙwarai. A ganina kotun ta yi daidai, tun da 'yancin zirga-zirgar da mutum ya sallama shi ne ainihin abin da gari ke amfana da shi.

Batun fansho ma sai da aka kai ruwa rana. An daɗe a Ingila ana hana masu aikin kira shiga asusun fanshon takwarorinsu na cikakken aiki, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta wancan zamani ta ba su gaskiya a 2006, bisa hujjar cewa aikin ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne. Faransa ta bi wata hanyar: tun 2004 tana biyan wani kuɗin karramawa duk shekara ga wanda ya ajiye aiki bayan hidimar shekaru 20, sannan dokar 2021 ta rage wa'adin zuwa 15. Kuɗin bai kai fansho ba, amma yana riƙe mutane a cikin aikin, kuma wannan shi ne manufarsa.

Kayan aiki kuwa babu rangwame a cikinsu, domin hayaƙi bai san mai albashi da ɗan sa-kai ba. Tukunyar iskar da ake goyawa a baya ba ta wuce kamar rabin sa'a idan ana aiki tuƙuru, kuma dole a riƙa gwada ta ana sake cika ta. A Amurka, ƙa'ida ta ce a daina amfani da rigar shiga wuta idan ta cika shekaru goma da ƙerawa. A 2022, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, wanda ke nufin rigar da ta sha toka aka tafi da ita gida ba a wanke ba, ita ma haɗari ce.

To, me ya shafe mu? A jihar Tawa, idan kaka ta wuce ciyawa ta bushe, gobarar daji takan cinye makiyaya a yankunan Abalak da Cintabaraden, inda tazara ke da yawa, kuma waɗanda ke fara tarar wutar makiyaya ne da matasan ƙauye, da rassan itace da shebur. Ko a Yamai, a gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta Afrilun 2021, azuzuwan zana sun ƙone cikin ƙanƙanen lokaci, yara kimanin 20 suka rasu. Ke nan muna da masu kashe gobara na sa-kai, sai dai ba a rubuce suke ba. Asusun CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na Nijar, yana biyan diyyar haɗarin aiki ga ma'aikacin da aka yi wa rajista, amma makiyayin da ya ƙone a bakin wutar daji ba ya cikin wannan rajista, kuma iyalinsa ne za su biya kuɗin maganinsa.