Kantunan Yahudawan Jamus: An Sayar Ko An Rufe Yawancinsu Tun Kafin A Fasa Gilashi

Ga hoton da ke ta yawo kwanakin nan: gilashin kanti a farfashe, wani riƙe da tsintsiya, masu wucewa na kallo. A ƙarƙashi an rubuta wai a wannan daren ne Yahudawan Jamus suka rasa kantunansu. Hoton gaskiya ne, washegarin daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ɗauke shi, daren da 'yan Nazi, jam'iyyar Hitler, suka far wa Yahudawa a faɗin Jamus, bayan an lalata kantuna kusan 7,500. Rubutun ne ke da gyara.

Mu ɗan koma baya. An yi ƙarnuka a yawancin garuruwan Jamusawa ba a barin Bayahude ya mallaki gona ko ya shiga ƙungiyar masu sana'ar hannu. Abin da ya rage masa shi ne talla, ƙunshin yadi a baya, ƙauye zuwa ƙauye, da cinikin gwanjo. Da doka ta daidaita su da kowa a 1871, 'yan talla da yawa suka kama shago. A garin Stralsund kaɗai, gidan Wertheim ya fara a 1875, Leonhard Tietz a 1879. Ƙanensa Oscar ya buɗe nasa a Gera a 1882 da jarin kawunsu Hermann, ya sa wa kantin sunan kawun. Ku riƙe sunan nan, Hermann Tietz.

Sabon salonsu shi ne farashi a rubuce jikin kaya, ba tayi, ba "albarka". Ni da nake kwashe rabin awa ina jan ciniki kan hula ɗaya, da na sha wahala a can.

Sai 1933. Ranar 1 ga Afrilu 'yan Nazi suka tsaya ƙofar kantuna da alluna: kada a sayi kaya wurin Bayahude. Kwana ɗaya aka yi, kantunan suka sake buɗewa. To a nan nake so mu tsaya, domin abin da ya biyo baya ba shi da hoto.

Ku ɗauki mai kantin tufafi a ƙaramin gari. Ba wanda ya jefe shi da dutse. Ma'aikacin gwamnati dai ya daina shigowa don tsoron aikinsa. Matar da ta saba saye ta ga sunan maƙwabciyarta a jarida, an kira ta mai ciniki da Yahudawa, ita ma ta ɗauke ƙafa. Jarida ta ƙi karɓar tallarsa. Masaƙa ta daina ba shi kaya bashi. Banki ya ce a biya shi kuɗinsa. Ciniki ya mutu, haya na ci. Sai ga mai saye ya ɓullo, sau da yawa abokin gasarsa na tsallaken titi, wani lokaci ma yaron shagonsa.

Aka zauna gaban lauya, aka rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. A takarda ciniki ne, har da hatimi. Amma jami'an jam'iyyar Nazi masu kula da tattalin arzikin yanki kan sa baki a farashi, a karya darajar kaya, a ce sunan kanti da tarin abokan cinikin shekara hamsin ba a biyan ko sisi a kansu. In mai kanti zai bar ƙasar, gwamnati ta cire kashi 25 cikin 100 na dukiyarsa a matsayin haraji, sauran kuma ya maƙale a asusun da ba ya iya fitarwa sai da mummunar asara. Sunan da suka ba abin shi ne Arisierung, wato mayar da dukiya hannun waɗanda suke kira tsarkakakkun Jamusawa. A ganina ƙwace ne da alƙalami.

Manyan ma ba su tsira ba. Kamfanin Hermann Tietz na buƙatar rance, bankuna suka ce sai iyalan sun kauce. Kafin ƙarshen 1934 an fitar da su, Georg Karg, wani babban ma'aikacin kamfanin, ya hau. Kamfanin Leonhard Tietz kuwa sunansa ya koma Kaufhof tun 1933. A Duisburg, Helmut Horten ya sayi kantin gidan Alsberg a 1936, daga nan arzikinsa ya tashi.

Shi ya sa lissafin yake haka: kantunan Yahudawa kusan 50,000 ne a farkon mulkin Hitler, zuwa Yuli 1938 saura kusan 9,000. Wata huɗu ke nan kafin wancan hoton. Waɗanda aka fasa wa gilashi su ne ragowar da suka ƙi sallamawa, ko suka rasa mai saye.

Ranar 12 ga Nuwamba aka rufe babin. Doka ta hana Bayahude riƙe kanti daga 1 ga Janairu 1939, aka ci al'ummar tarar Reichsmark (kuɗin Jamus na lokacin) biliyan 1, gwamnati ta karɓe kuɗin inshora, aka ce mai kanti ya gyara ɓarnar da aljihunsa. Mai tsintsiyar nan, shi zai biya kuɗin gilashin.

Yanzu ku dubi sunan da aka sa a allon kantunan Hermann Tietz bayan an fitar da iyalan: Hertie. Jamusawa sun yi shekaru suna sayayya a ƙarƙashinsa bayan yaƙi. Ku raba shi biyu: Her daga Hermann, Tie daga Tietz.