Tumbi na nan, damtse ya zube: ina aka kuskure?

[Hoto: wayar hannu, ana zazzaga bidiyoyin "kafin" da "bayan"]

Kwanan nan duk inda ka leƙa a TikTok ko Facebook, hotuna biyu ne a jere. Ga mutum da teɓarsa, ga shi kuma bayan wata guda ya zube. Sai tambaya guda ta riƙa zuwa mana daga bakuna daban-daban: na daina cin abincin dare, kullum da asuba ina gudu, sikeli ya sauka, to me ya sa tumbina yana nan daram, hannuwana kuma suka zama sirara?

Amsar tana wuri ɗaya, kuma can za mu daɗe. Sauran mu wuce su da sauri.

Kitse ba ya raguwa sai abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ke shiga ciki. Zufa ruwa ce, ka sha ruwa ta dawo, don haka ledar nan da ake ɗaurawa a ciki a ajiye ta. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen tumbi ya ƙona shi shi kaɗai. Shi ke nan, mun wuce.

[Hoto: ƙafa a kan sikeli]

Yanzu dubi wannan lambar. Ba ta san kitse ba, ba ta san tsoka ba. Ƙashi, ruwa, tuwon da ka ci jiya, duk ta haɗa ta ba ka jimilla. Kilo biyu ko uku da ke zubewa a makon farko, mafi yawansu ruwa ne, saboda sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. Sai mutum ya ji daɗi, ya ƙara matse cikinsa.

To nan ne wurin. Mutane na jin "rage abinci" sai su rage komai, kuma su rage da yawa. Naman da ke cikin miya ya tafi, ƙwai ya tafi, wake ya tafi, aka bar shayi da burodi. A lokaci guda kuma aka ajiye ƙarfe mai nauyi aka koma gudu zalla, wai sai kitse ya zube tukuna a dawo gina jiki.

Jiki kamar maigida ne da kuɗi suka yanke masa: abin da ba a amfani da shi a gida, shi yake fara kaiwa kasuwa. Tsokar da ba ta ɗaga komai, ba a kuma ba ta abin gina ta, ita ce za ta bi kitse su fita tare. Ka ragu a sikeli, amma siffar tana nan, sai dai ƙarfi da ya tafi.

[Hoto: ɗakin motsa jiki, matasa na ɗaga ƙarfe]

A Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada an gwada wannan, aka buga sakamakon a 2016. Matasa maza 40 aka rage wa abinci da kusan kashi 40 cikin 100 na tsawon mako 4, suna atisaye mai tsanani kwana 6 a mako. Rabinsu aka ba su furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, giram 1.2 a rana a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma giram 2.4. Rukunin farko sun zubar da kitse kilo 3.5, tsokarsu ta tsaya kusan yadda take. Rukuni na biyu sun zubar da kilo 4.8 na kitse, suka kuma ƙara kusan kilo 1.2 na naman jiki mara kitse. Yunwa iri ɗaya, atisaye iri ɗaya, bambancin yana cikin kwano.

Amma don Allah kada kowa ya kwaikwayi kashi 40 ɗin nan a gida. Su ana lura da su, kuma wata ɗaya kacal suka yi. Abin da ya dace da ni da kai shi ne ragi kaɗan, yadda nauyi zai riƙa sauka da rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 a mako. Mai kilo 80 ke nan, giram 400 zuwa 800. Na san zai yi maka kaɗan a ido. Ni a ganina wannan jinkirin shi ne alamar kana kan hanya.

[Hoto: tire, ana ɗora abinci ɗaya bayan ɗaya]

Furotin kuma, ka nufi giram 1.6 a kowane kilo, ko sama kaɗan. Mai kilo 80 yana neman kusan giram 130 a rana. Ƙwai guda yana da kusan giram 6. Dafaffen wake kofi ɗaya, wajen 13. Tsokar kaza giram 100, wajen 30. Ga kifi, ga kindirmo, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga balangu idan aljihu ya yarda. Ba sai ka sayi garin furotin ɗin nan na gwangwani mai tsada ba. Ka raba shi sau uku ko huɗu a yini, kada ka tara shi duka da dare.

To daga ina ragin zai fito? Kalli hannun mai shayin nan. Kalli cokalin sukari, ɗaya, biyu, uku, bai ma tsaya ba. Kwalbar lemo mai rabin lita ta haura kalori 200 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Cokali babba ɗaya na man gyada ko manja, kusan 120 ne, kuma wa ke ƙirga cokali idan ana suyar awara? Ka rage waɗannan, ka rage malmala ɗaya daga tuwonka, ka bar naman a inda yake.

[Hoto: tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗagowa daga ƙasa, turawa a kan benci]

Ƙarfen kuwa, kada ka sauƙaƙa shi. Nauyin da kake ɗagawa kafin ka fara ragi, shi za ka yi ƙoƙarin riƙewa, ko ka ƙara kaɗan kaɗan. Kwana 3 a mako ya wadatar, kowace gaɓa ta samu aiki sau biyu. Ka rubuta a littafi abin da ka ɗaga yau. Ke ma 'yar'uwa, wannan naki ne, ƙarfe ba zai mai da ke ƙato ba, zai dai ɗaure miki jiki. Sabon shiga da mai ƙiba su suka fi saurin ganin abu biyun a tare, wato kitse na sauka, tsoka na ƙaruwa. Wanda ya daɗe yana ɗagawa, idan ya riƙe tsokarsa kitse na sauka, ya ci riba.

Barci ma yana ciki. A Jami'ar Chicago, a 2010, masu rage abinci da aka taƙaita musu barci zuwa awa 5 da rabi sun zubar da ƙasa da rabin kitsen da suka zubar lokacin da aka ba su awa 8 da rabi.

[Hoto: tef ɗin tela a kewaye da cibiya]

Awo kuma, ka ari tef a wurin tela. Sau ɗaya a mako, da safe kafin ka karya, ka auna daidai cibiya. Idan tef na raguwa, lambobin littafinka ba sa faɗuwa, ka ci gaba ko da sikeli ya ƙi motsi. Idan ƙarfinka na zubewa mako bayan mako, ragin ya yi yawa, ka ƙara abinci. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon suga da mai juna biyu, ku ga likita kafin ku taɓa tsarin abincinku.