Daga Ina 29 ga Fabrairu Take Fitowa?

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu da ɗalibai, barkanmu da haɗuwa. Yau za mu duba dalilin da ya sa Fabrairu kan yi kwana 29 a wasu shekaru.

Tushen maganar shi ne duniya ba ta kammala zagaye rana a kwana 365 cif. Akwai ragowar awa 5 da minti 48 da kusan daƙiƙa 46. Ku riƙe wannan adadin. Da za a yi watsi da ragowar, cikin shekara 100 kalanda za ta kauce wa yanayi da kusan kwana 24. Manomin da ya saba shuka gero a Yuni, jikokinsa sai sun jira Yuli kafin ruwan shuka ya sauka, alhali damina ba ta makara ba, lissafin ne ya yi gaggawa.

Yuliyas Kaisar na Rum ne ya fuskanci wannan matsala, bisa shawarar masanin taurari Sosijinis na Iskandariya. Kalandarsu ta riga ta rikice ƙwarai, har sai da aka ja shekarar 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta kai kwana 445. Daga nan aka kafa doka: kowace shekara ta 4 a ƙara kwana ɗaya a watan Fabrairu.

To, a nan ne abin ke burge ni. Dokar ta ɗauki ragowar tamkar awa 6 ce, wato ta yi ƙari da minti 11 da 'yan daƙiƙu. Wani zai ce, Malam, minti 11 har wani abu ne? Ai kuwa a shekara 128 ya zama kwana guda. Ranar da dare da yini ke daidaita, wadda coci ke lissafin bikin Ista da ita, an san ta a 21 ga Maris, amma zuwa ƙarni na 16 ta zame zuwa wajen 11 ga wata. Sai Paparoma Giregori na 13 ya yanke kwana 10 a 1582. Mutanen Rum suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi sahu ba sai 1752, lokacin kuma kwana 11 ta zubar. Rasha sai 1918.

Gyaran da ya fi yankan kwanakin muhimmanci shi ne wannan: shekarar da ta cika ɗari ba ta samun ƙarin kwana sai in 400 ta raba ta ba saura. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Wani ɗalibi ya tambaya ko kalandar Hijira na da irin wannan. Ita wata take bi, shekararta kwana 354 ko 355, ba a kuma cusa mata wani wata don ta kamo rana. Aya ta 37 a Suratut Tauba ta hana jinkirta watanni. Don haka duk shekara azumi ke matsowa da kusan kwana 11. Dattawan da ke zaune a nan sun yi shi cikin zafin bazara, sun yi shi da damina, sun sha sahur cikin sanyin hunturu, domin a kusan shekara 33 Ramadan ke ratsa yanayin gaba ɗaya.