Amsoshin Tambayoyinku: Kwashe Waƙoƙin Tsohon Faifai Zuwa Kwamfuta

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. A wannan mako wasiƙu huɗu ne suka faɗo a kan magana guda, wato tsofaffin faya-fayan garmaho da yadda za a kwashe abin da ke cikinsu a zuba a kwamfuta ko waya ba tare da sautin ya lalace ba, shi ya sa muka haɗe su wuri ɗaya.

Ta farko daga Zariya take. Mai wasiƙar ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar akwati cike da faya-fayai, akasarinsu bugun EMI da Decca da Tabansi. Ya ɗora ɗaya a kan tsohon injin gidan, ya kara wayarsa a bakin lasifika ya naɗa, amma da ya saurara sai ya tarar ƙarar fanka da surutun yara sun danne muryar mawaƙin. Yana tambaya mece ce hanyar da ta dace, kuma ko ya sayi irin ƙananan injinan nan masu kama da jakar hannu da ake talla a intanet.

Allah ya jiƙan mahaifinka Malam, ya sa ya huta. Abin da ka yi ɗakinka ka naɗa, ba faifan ba. Dole sautin ya bi ta kebul tun daga allura har cikin kwamfuta, kada ya fito sarari ko kaɗan.

To amma ba a jona injin faifai kai tsaye da kwamfuta, kuma dalilan biyu ne. Na ɗaya, wutar da kan allura ke fitarwa ƴar mitsitsiya ce, milibolt 3 zuwa 5 a irin allurar da aka fi samu a gidaje. Na biyun shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba. Tun 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka tsayar da tsari guda da ake kira RIAA: lokacin da ake yanka faifai a masana'anta, da gangan ake rage sauti mai kauri, irin na babbar ganga, domin shi ke sa tsagin faifai ya yi faɗi ya cinye fili, sannan a ƙara ƙarfin siririn sauti don ya rinjayi shuuu ɗin da faifan kansa ke yi. Idan an zo saurare sai a juya lissafin, a mayar da kaurin, a sassauta siririn. Ƙaramin amfilifaya na musamman ke wannan aiki. In ka tsallake shi, waƙar za ta fito can ƙasa-ƙasa, siririya, kamar ana rera ta cikin gwangwanin madara.

Kafin ka kashe ko kwabo, juya tsohon amfilifayan mahaifinka ka dubi bayansa. Galibin na shekarun 1970 da 1980 suna da wancan ƙaramin amfilifayan a cikinsu, alamarsa ramuka biyu ne da aka rubuta PHONO a kansu, da wasu biyu masu rubutun TAPE OUT ko REC OUT, inda a da ake jona rakoda a kwashe waƙa zuwa kaset. Injin faifai ya shiga ta PHONO, sautin ya fita ta TAPE OUT. Daga nan abin da za ka saya ƙaramin akwatin sauti ne mai USB, wanda zai karɓi sautin ya miƙa wa kwamfuta. Akwai ma waɗanda suka haɗa aikin biyu, irin su Behringer UFO202, ga wanda amfilifayansa ya mutu. Ramin makirfo na jikin laftof kuwa ka bar shi, don magana aka yi shi, kuma yakan murɗe sauti.

Batun injin nan mai kama da jaka, araha ba ta ado. Allurarsa na danna faifai da nauyi, ba ka da ikon daidaita ta, lasifikarsa kuma a jikinsa take tana girgiza faifan yana cikin juyawa. Tsohon inji mai nauyi da aka yi wa sabis ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan sabo kake so, nemi mai ma'aunin nauyi a gindin hannun allura, misali Audio-Technica AT-LP120XUSB, wanda ke da nasa amfilifayan a ciki da mafitar USB.

Yanzu ga inda na fi so ka ba ni aron kunnenka. Kyawun sauti ba a kwamfuta ake samo shi ba, a kan teburin nan ake samunsa, tsakanin allura da faifai. Allurar lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1,000 tana aiki kafin bakinta ya cinye, kuma wa ya san awa nawa ta mahaifinka ta yi? Allurar da ta cinye ba mummunan sauti kaɗai take bayarwa ba, kankare tsagin faifan take yi, abin da ta kankare kuma ya tafi ke nan. Sai ka sauya ta tun kafin ka ɗora faifan da kake ji da shi. Nauyin da za ta sauka da shi yawanci giram ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi, kowane kamfani na rubuta nasa, kuma ƙaramin sikelin masu sayar da zinari ya isa ka auna. Al'adar nan ta ɗora kwabo ko sule a kan allura don kada ta yi tsalle, a yi haƙuri a daina. Allura na tsalle ne saboda datti, ko tebur ya karkace, ko faifan ya lanƙwashe.

Sai wanka. Faifan da ya kwana shekara talatin a akwati, ya sha ƙurar hunturu, rabin ƙas-ƙas ɗin da kake ji ba tsufa ba ne, ƙasa ce ta cika tsaginsa. Ka sami tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka tabbata ruwan ne zalla, domin a kasuwa wani lokaci ka ce ruwan batir a miƙo maka mai asid. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri-gishiri idan ya bushe. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka ya wadatar a kofi guda. Ka shimfiɗa faifan a kan tawul mai tsabta, ka bi shi da burushi mai laushi kana zagayawa yadda tsagin ya zagaya, ba a gicciye ba, kana kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. Ka ɗauraye da tataccen ruwan, ka jingina shi a tsaye a inuwa ya bushe sarai. Rana ba ta wasa da faifai, ƴan mintoci a cikin mota ko bakin taga sun isa su lanƙwasa shi. In ya bushe kada ka mayar da shi cikin tsohuwar rigarsa mai ƙura. A gefe ake riƙe shi, a tsaye kuma ake jera shi, ba a jibge wani kan wani ba.

Wasiƙa ta biyu wata Hajiya ce ta aiko daga Maraɗi. Ta ce faya-fayan kakanta masu kauri ne da nauyi, ɗaya ya faɗi ya tarwatse, kowane gefe waƙa ɗaya ce tak. Akwai kuma garmahon da ake waina wa da hannu, yana nan da ransa. Ta ce ko ta goge su da sipirit ta sa a garmahon?

A'a Hajiya, don Allah kada sipirit ya kusance su. Naku ba irin na Malam na Zariya ba ne. Nasa na roba ne, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 mai juyi 33 da sulusi a minti, RCA Victor ya biyo baya da ƙarami mai juyi 45 a 1949. Naku tsofaffin ne masu juyi 78, an yi su da wani ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya da maƙwabtanta, kuma sipirit narkar da shi yake yi. Ko ruwa ma kaɗan za ku sa, ku tsane nan take, ba a jiƙa su.

Garmahon kuma ku ajiye shi abin tarihi. Kansa na danna faifai da nauyin da ya haura giram ɗari, allurarsa ta ƙarfe ce wadda tun asali aka yi don a yar bayan gefe ɗaya. Ku nemi injin lantarki mai gudun 78, sannan ku nemi allurar 78 ta musamman, domin tsagin waɗannan faya-fayai ya ninka na roba faɗi wajen sau uku zuwa huɗu. Siririyar allurar zamani nutsewa take yi har ƙasan tsagin tana sharo hayaniya. Idan injin da kuka samu bai da 78, ana iya naɗa a kan 45 sannan a ƙara gudun a kwamfuta. Kuma tun da sautinsu hanya ɗaya ce, ba dama da hagu, in kun haɗe ɓangarorin biyu zuwa ɗaya bayan naɗi za ku ji hayaniyar ta ragu da kanta.

Daga Zangon Kumasi wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ya sayi injin lantarki ɗan gwanjo da aka kawo daga Amurka, ya haɗa masa taransifoma, amma mawaƙiya mace sai ta koma da muryar ƙato, ga kuma wani zuuu da ba ya yankewa.

Matsalolinka biyu ne ɗan'uwa. Wutar Amurka na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Ghana da Najeriya da Nijar sau 50. Taransifoma ƙarfin wuta kawai yake ragewa, bai taɓa wannan kaɗawar ba. Injin da na'urar da ke juya farantinsa ke bin bugun wutar gari, in aka kawo shi nan, maimakon juyi 33 da sulusi sai ya riƙa yin kusan 28. Gwajin ba wuya: liƙa ƴar takarda a gefen farantin, ka riƙe agogo, ya kamata ta wuce gabanka sau ɗari cif a minti uku. Idan ta gaza, mai gyara zai iya sauya ƴar gargarar da bel ke hawa, ko kuma ka nemi inji mai sarrafa gudunsa da kansa, irin Technics SL-1200 da danginsa. Irin wannan matsalar ce ke sa ba a son naɗi da ƙaramin janareta, gudunsa na hawa da sauka, waƙar na binsa.

Zuuu ɗin kuwa, duba bayan injin za ka ga wata siririyar waya guda mai baki kamar cokali mai yatsu. A ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND a jikin amfilifaya. In bai tafi ba, zare cajar laftof ka yi naɗin da batir, ka kuma nisanta cajar waya da taransifoman daga kan allura.

Ta ƙarshe ɗalibi ne daga Sakkwato. Ya riga ya haɗa kayansa, tambayarsa ita ce wace manhaja, wane irin fayil, kuma yaya zai goge ƙas-ƙas ɗin gaba ɗaya.

Audacity kyauta ce kuma ta ishe ka. Ka fara gwadawa da wurin da kiɗa ya fi ƙarfi, ka daidaita yadda ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar zai tsaya wajen -6, kada ya taɓa sifili, don sautin da ya fashe a nan ba ya gyaruwa. Ingancin faifan CD, wato 44.1 kHz da bit 16, ya wadatar don saurare, yana cin kusan megabait 10 a minti. Masu adana kayan tarihi sun fi son 96 kHz da bit 24, wanda ke cin wajen megabait 35. Naɗa gefe guda a tafi ɗaya, daga baya ka yayyanka waƙa-waƙa. Ajiye na asali a WAV ko FLAC, shi FLAC yana rage girman fayil kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. MP3 na sa wa a waya ne, kuma daga kwafi ake yin sa.

Goge ƙas-ƙas gaba ɗaya kuwa, ban ba ka shawara ba. Manhajar ba ta san bambancin datti da kaifin kalangu ko kukan kukuma ba, in ka matsa mata sai ta haɗa duka ta share, muryar ta koma tana ɓulɓul, garin gyaran gira a rasa ido. Cire manyan ƙarar da ke firgita kunne, ɗaya bayan ɗaya in kana da haƙuri, ka bar ƴar shuuu ɗin. Duk gyaran a kan kwafi za ka yi, ɗanyen naɗin ya zauna yadda yake a wuri biyu daban-daban.

Ka kuma ɗauki hoton takardar tsakiyar faifan da bangonsa, ka rubuta sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifan a sunan fayil ɗin. Da yawan faya-fayan da aka buga a ƙasashenmu, wannan ƴar takardar ce kaɗai shaidar wanda ya yi waƙar. Ka ce kana son ɗora su a YouTube: mallakar faifai daban, mallakar waƙa daban, haƙƙin yana hannun mawaƙi ko magadansa ko kamfanin da ya buga, saboda haka sai ka nemi izininsu tukuna.

Masu tambaya a kan kaset da ya cinye zare, wasiƙunku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.